Fashin Baƙi: In Ka Ba Ƙirƙirarriyar Basira Gyaran Fayilolinka, Me Za Ta Gyara, Me Za Ta Ɓata?

Shin da gaske ne mutum zai iya ce wa kwamfutarsa "tattara min wannan tarkacen", ya tafi sallar la'asar, ya dawo ya tarar kowace takarda ta sami suna mai ma'ana, ta kuma shiga foldar da ta dace da ita? Tambayar da ke yawo ke nan tsakanin masu shagunan buga takardu, da malaman da ke riƙe da sakamakon ɗalibai, da sakatarorin ƙungiyoyin manoma a garuruwanmu na Jigawa, tun da aka fara tura gajerun bidiyoyi masu nuna ƙirƙirarriyar basira, wadda aka fi sani da AI, tana shirya ɗaruruwan fayiloli cikin 'yan mintuna. Wasu sun ɗauka wahala ta ƙare. Wasu kuma sun rantse ba za ta zo ko kusa da kwamfutarsu ba, don sun ji an ce tana kwashe bayanan mutane. Abin yana aiki, na gani da idona. Sai dai ba yadda yawancin mutane suke zato yake aiki ba, kuma wanda bai gane bambancin ba shi ne yake yin asara.

Tarkacen da ake magana a kai

Ƙanena yana da ɗan shago a wani gari da ke kan hanyar Gujungu. Kwamfuta ɗaya ce, ta hannu da aka sayo a Kano, sai firinta, da na'urar sikanin, da batir biyu, da farantin sola a kan kwano. A wannan kwamfutar ake buga katin ɗaurin aure, da takardar neman aiki, da sakamakon jarrabawar Islamiyya, da sunayen 'yan ƙungiyar noman rani, da hotunan fasfo na yaran da za su yi rajistar JAMB.

Wata ranar Lahadi, ranar kasuwa, ina zaune a shagon wani dattijo ya shigo da baƙar leda a hannu. A ciki akwai takardar cinikin gona da ruwan damina ya jiƙa, tawadar ta bi ta watse, ba abin da ake ganewa sai kanun takardar. Ya ce, "Yaro, a nan aka buga min ita shekara biyu da suka wuce. Ka sake fitar min da ita, mai unguwa ya ce a kawo shaidu su sake sa hannu." Ƙanena ya ce, "To Baba, zauna, yanzu in sha Allahu." Ya rubuta sunan dattijon a wurin bincike, shiru. Ya rubuta "gona", fayiloli suka fito, babu nasa. A ɓangaren kwamfutar da tsofaffin ayyuka suke, binciken sunan fayil kawai yake dubawa, ba ya leƙa abin da aka rubuta a ciki. Dattijon ya je ya sayar da akuyarsa ya dawo, ba a samu ba. Sai bayan magariba takardar ta fito, a cikin wata folda mai suna New folder (4), ita kuma sunanta Doc1 copy.

Ba ƙazanta ce ta kawo haka ba, kuma ba jahilci ba ne. Mutum biyar na tsaye a kanka, batir na kuka, wa zai tsaya zaɓar suna? Duk abin da kwamfuta ta ba fayil, haka za a bar shi. Sannan rabin aikin ta WhatsApp yake shigowa, shi kuma WhatsApp nasa sunan yake laƙaba wa hoto, irin IMG-20240312-WA0007, wanda ba ya gaya maka komai sai ranar da hoton ya shigo wayar. Ga hannu da yawa: mai shago, da yaronsa, da abokin da ya riƙe masa shagon ranar da ya je Dutse, kowa da inda yake ajiyewa. Ga cutar nan ta filash da ke ɓoye foldoji ta bar wasu 'yan alamomi na bogi, wadda ke sa mutum ya yi ta kwafar komai zuwa sabon wuri don tsoro, har abu ɗaya ya zama biyar. Akwai kuma wata matsala da ba a cika lura da ita ba: tsofaffin kwamfutoci suna da ɗan ƙaramin batir a ciki mai riƙe agogo. In ya mutu, agogon yakan koma wata tsohuwar shekara duk lokacin da aka kashe na'urar, sai takardar da aka buga jiya ta ɗauki kwanan watan da ba nata ba. Ka riƙe wannan, zai dawo mana a gaba.

Mataimakin ba iri ɗaya ba ne

Nan ne rikicin fahimta yake. Fayil shi ne abu guda da aka ajiye, takarda ko hoto ko murya. Folda kuma jakar da ake zuba fayiloli. Wannan kowa ya sani. Amma in aka ce "mataimakin AI", abu biyu mabambanta ake nufi, mutane kuma suna haɗa su wuri ɗaya.

Na farko shi ne mai hira. Irinsa ne ChatGPT da kamfanin OpenAI ya fitar a ƙarshen watan Nuwamban 2022, da Gemini na Google, da Claude na Anthropic, da Meta AI da ya bayyana a cikin WhatsApp ɗin 'yan Najeriya a 2024. In kana magana da su ta hanyar da aka saba, ba sa ganin cikin kwamfutarka, ba su da hannun da za su taɓa foldojinka. Abin da ka rubuta musu ko ka ɗora musu, shi kaɗai suka sani. Za su iya ba ka shawarar tsari, su ƙirƙiro maka sababbin sunaye, ko su rubuto maka jerin umarni da kai za ka kwafa ka kunna a kwamfutarka. Kamar malamin gona ne da kake tambaya ta waya: shi yana faɗa, kai ke riƙe da fartanya.

Na biyu shi ne mai aiki da hannunsa. Wannan manhaja ce da ake girkawa a kwamfuta, a nuna mata folda, a ba ta izinin buɗewa, da sake suna, da kwashewa, wani lokacin har da gogewa. Shi ake nunawa a bidiyoyin nan. Kamar ɗan ƙodago ne da ka ba fartanya ka nuna masa gona. Zai iya gama aikin kwana uku a wuni guda, zai kuma iya nome gero ya bar ciyawa in bai gane shukar ba.

Don haka mai tsoron cewa da zarar ya buɗe mai hira a wayarsa an kwashe duk abin da ke kwamfutarsa, tsoronsa ba a wurin da ya dace yake ba. Shi kuma mai ganin cewa mai hira ba ya da haɗari tunda ba shi da hannu, ya manta cewa umarnin da ya rubuto masa, in ya kunna shi bai karanta ba, ya ara masa hannunsa ke nan.

Ta yaya yake gane abin da ke cikin fayil?

Abu huɗu yake dubawa: sunan fayil, da irinsa, da kwanan watansa, sai abin da ke ciki in an ba shi damar buɗewa. Ware hotuna daga takardu, ko tara duk fayilolin Excel wuri guda, wannan ba ya buƙatar wata basira, kwamfuta ta daɗe tana iya yi. Inda sabuwar fasahar ta yi fice shi ne ta buɗe Doc1 copy, ta karanta, ta gane cewa yarjejeniyar sayar da gona ce tsakanin wane da wane, ta ba ta sunan da ya dace. Wannan aiki ne da mutum zai yi mako yana yi har idonsa ya yi ja, kuma gaskiya tana yin sa da kyau matuƙar takardar bugun kwamfuta ce, da Turanci ko da Hausar boko.

Amma takardunmu ba duka ne haka ba. Abin da aka yi wa sikanin hoto ne kawai a wurin kwamfuta, sai an bi ta hanyar gane haruffa kafin a san me aka rubuta. In bugu ne mai kyau, ana dacewa. In rubutun hannu ne da biro a kan takardar da ta sha ninki, kuskure yana yawa. In kuwa ajami ne, kamar yadda dattawa da yawa suke rubuta wasiyya da lissafin bashi da rabon gado, to nan ƙarfinsa ya ragu ƙwarai, don yakan ɗauke shi Larabci ya yi ta lalube. Fayilolin CorelDraw da masu shago ke zana katin biki da su, su ma ba kasafai yake iya leƙa cikinsu ba, sunan kawai yake gani.

Sai maganar sunayenmu. A gari ɗaya za ka sami Musa Haruna da Haruna Musa, mutum biyu ne da ba su haɗa ko kaka ba. Za ka kuma sami mutum ɗaya da aka rubuta Muhammad a wata takarda, Mohammed a wata, Muh'd a ta uku. Mai shago ya san wannan don ya san mutanen, ya san wanda ake kira da sunan garinsu da wanda ake kira da laƙabi. Na'ura ba ta sani ba. Tana iya haɗa biyun farko a folda ɗaya, ta raba na ukun gida uku.

Abin da ya fi damuna shi ne ba ta cika cewa "ban gane ba" sai an buɗe mata ƙofar faɗin hakan. An gina ta ne ta kawo amsar da ta fi kama da daidai, don haka in ta ga sikanin da ba ta iya karantawa sosai, sai ta yi hasashe, ta laƙa masa suna mai kyan gani. Fayil mai suna Doc1 yana gaya maka gaskiya cewa ba ka san me ke ciki ba, za ka buɗe ka duba. Fayil da aka sa wa "Rasit ɗin taki" alhali takardar gado ce, wannan ya ɓata ɓata na gaske, domin ba za ka taɓa nemansa a can ba. Haka nan in ka ce ta shirya maka komai bisa shekara, ita kuma ta dogara da kwanan watan da agogo mai mataccen batir ya rubuta, za ka sami foldoji a tsare gwanin sha'awa, amma shekarun duk ƙarya ne.

Inda ake neman gira a rasa ido

Kwafa, kwashewa, gogewa: a baki kamar 'yan uwan juna, a aiki kuwa tazararsu da nisa. In an kwafa, na asali yana nan. In an kwashe, ya bar inda yake. In an goge, to ya danganta da yadda aka goge. Mutane da yawa sun saki jiki da kwandon shara na Windows, suna ganin duk abin da aka goge yana can yana jira. Ba haka ba ne. Abin da aka goge daga filash ba ya zuwa kwandon. Abin da aka goge ta rubutaccen umarni, wato hanyar da waɗannan mataimakan suka fi bi, shi ma yawanci ba ya zuwa. Sannan akwai gogewar da ba a kira ta gogewa: a kwashe fayil zuwa inda akwai wani mai suna irin nasa, sabon ya hau kan tsohon ya danne shi. A shagon da Doc1 ya kai goma sha wani abu, wannan ba ƙaramin haɗari ba ne.

Ba zato nake yi ba. A watan Yulin 2025 wani mai amfani da manhajar Gemini CLI ta Google, ɗaya daga cikin masu aiki da hannunsu, ya ba da labarin yadda ya nemi ta kwashe masa fayiloli zuwa sabuwar folda. Bisa bayaninsa, manhajar ta ɗauka ta ƙirƙiri foldar alhali ba ta ƙirƙiru ba, ta ci gaba da aiki ba ta waiwaya ba, ya nemi fayilolinsa ya rasa. A cikin watan dai, mataimakin kamfanin Replit, mai taya mutane rubuta manhaja, ya goge rumbun bayanan wani kamfani duk da an gaya masa kada ya canza komai, har shugaban Replit, Amjad Masad, ya fito fili ya ce abin bai kamata ya yiwu ba. An dawo da bayanan daga baya saboda akwai ajiyar baya. Waɗannan mutane ne da kwamfuta ce sana'arsu. Mu kuwa ko batir ya mutu ana cikin kwashe kaya zuwa filash, yana iya barin fayil rabi da rabi.

Maganar maimaici ita ce tarkon da ya fi kama mutane, domin kowa yana son ya sami fili a kwamfutarsa. Fayil biyu masu suna ɗaya ba lallai su zama abu ɗaya ba. Sakamakon aji uku na zangon farko da na zango na biyu suna iya zama duk Result JSS3. Hanyar da ake tabbatar da cewa biyu ɗaya ne ita ce a lissafa wa kowanne wata lamba daga abin da ke cikinsa, kamar zanen yatsa, wadda ko harafi ɗaya aka canza sai ta canza. In lambobin sun zo ɗaya, maimaici ne na gaske. In mataimakin bai yi wannan ba, da suna kawai ya yanke hukunci, to kada a yarda. Ko da hoto ɗaya ne a ido, wanda aka turo ta WhatsApp a matsayin hoto an matse shi, ya rasa kaifi da bayanan ranar da aka ɗauka. In aka goge na asali aka bar matsattsen, ranar da za a buga shi babba za a gane an yi asara.

Akwai kuma fayilolin da ke jingine da juna. Takardar Excel da ke ɗauko maki daga wata takardar, in aka sake wa ɗayar suna ko wuri, sai ta fara nuna kuskure, malamin kuma ba zai sani ba sai daren da zai fitar da sakamako.

Takardun mutane amana ne

Ko da aikin ya tafi daidai, saura wata tambaya: kayan wa kake nuna wa na'urar? Yawancin waɗannan mataimakan ba a cikin kwamfutarka suke tunani ba. Duk abin da suka karanta sai ya bi intanet ya je manyan kwamfutocin kamfanin, galibi a wajen Najeriya, amsa ta dawo. Idan hotunan bikinka ne, kai ka sani. Amma kwamfutar shago cike take da katin NIN na mutane, da lambar BVN, da takardar haihuwa, da sakamakon gwajin asibiti da aka kawo a yi wa sikanin, da takardar saki. Matar da ta miƙo takardarta a buga mata kwafi biyu ba ta ba ka izinin aika ta ƙetare ba, kuma ba ta ma san ana iya yin haka ba.

Wannan ba maganar kunya da mutunci kaɗai ba ce, doka ma ta shigo. A watan Yunin 2023 shugaban ƙasa Bola Tinubu ya sa hannu a Dokar Kare Bayanan Jama'a, wadda ta kafa hukumar kare bayanai ta ƙasa, NDPC. Dokar ta ce mai riƙe da bayanan wani sai da dalili na halak, kamar yardar mai su, kuma ya yi amfani da su don abin da aka karɓe su kawai, ta kuma gindaya sharuɗɗa kan fitar da su waje. Na san babu jami'in da zai bi ƙauyukanmu yana duba kwamfutocin shaguna gobe da safe. Amma mu da muka taso da sanin nauyin amana ba ma buƙatar sai jami'i ya zo. Wasu daga cikin manhajojin ma suna iya amfani da abin da aka ɗora musu wajen ƙara horar da na'urarsu, sai in mutum ya shiga saituna ya kashe. Mutum nawa ne a cikinmu suka taɓa leƙa wurin?

Ko jerin sunayen fayiloli kaɗai ka tura, ka duba shi tukuna. Wani lokacin sunan ya riga ya tona asiri, in an rubuta sunan mutum da cutar da aka gwada shi a kai.

Masu so da masu ƙi

Masu goyon baya, yawancinsu matasan da suka yi karatun kwamfuta, suna cewa mun daɗe ana barin mu a baya, kada wannan ma ya wuce mu. Suna da hujja. Jigawa ba baƙuwar kwamfuta ba ce. Tun zamanin gwamna Saminu Turaki aka kafa cibiyar koyar da ita a Kazaure, kuma ɗan Hadeja ne, Kashifu Inuwa Abdullahi, aka naɗa shugaban hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta ƙasa, NITDA, a 2019. A jihar da ambaliya irin ta 2022 ta cinye takardun gidaje da yawa, kwafin da ke cikin kwamfuta ne kaɗai ya rage wa wasu, kuma kwafin da ba a iya ganowa daidai yake da babu. A wannan ina tare da su ɗari bisa ɗari.

Masu ƙi kuwa, ban da tsoron asiri, lissafin aljihu suke yi. Mataimakan da ke aiki da hannunsu galibi sai da biyan kuɗin wata, kuma manyan kamfanonin suna karɓar kusan dala 20 a matakin da aka fi saya. Ga data, wadda ta ƙara tsada tun da hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a watan Janairun 2025, kuma ɗora dubban sikanin ba ƙaramar data yake ci ba, balle a garin da sai an fita bakin titi sabis yake kamawa. Ga wutar KEDCO da wasu garuruwan sai su yi kwanaki ba su gan ta ba. Ga tsofaffin kwamfutoci da sababbin manhajoji ba sa hawa kansu. Windows 10 ma da yawancin shaguna ke kai, Microsoft ta daina tallafa mata na yau da kullum ranar 14 ga Oktoban 2025. Duk gaskiya ne. Inda na rabu da su shi ne zaton cewa sai an biya dala ake amfana. Mafi yawan amfanin yana wurin mai hira na kyauta, kuma jerin sunaye rubutu ne zalla, datar da yake ci ba ta kai ta gajeren bidiyo ɗaya ba.

Wani malami ya tambaye ni ko wannan ba zai raba yaran shago da aikinsu ba. Ban ga alama ba. Aikin shirya fayiloli da ma ba wanda yake yin sa, shi ya sa tarkacen ya taru. Abin da na gani shi ne an sami sabon aikin da sai mutum: dubawa.

Ga mai waya kawai, wanda shi ne mafi yawanmu, abin ya zo da sauƙi. Manhajar Files ta Google tana nuna maimaitan fayiloli da manyan bidiyoyin da suka cika waya, ta ba da shawarar gogewa. Tana da amfani, amma a buɗe a gani kafin a danna, musamman saƙonnin murya da hotunan rasit.

Yadda muka bi da shi a shagon

Bayan abin da ya faru da dattijon nan, ƙanena ya ce min, "Yaya, ko dai mu gwada abin nan?" Na ce mu gwada, amma da sharaɗi: ba za a taɓa komai ba sai an kwafe kwamfutar gaba ɗaya. Ya ari faifan ajiya na waje, muka kwafe, muka buɗe wasu fayiloli daga cikin kwafin muka tabbatar suna buɗuwa, sannan muka zare faifan muka sa a durowa. Faifan da ke maƙale da kwamfuta lokacin aiki ba ajiya ba ne, domin abin da ya ci na ciki yana iya cin sa.

Daga nan muka ware duk abin da ya shafi katin shaida da asibiti da aure zuwa folda guda da na'urar ba za ta gani ba. Wannan da hannu aka yi, kuma shi ya fi cin lokaci. Sauran kuma muka fitar da jerin sunayensu kawai, muka share sunayen mutane inda suka bayyana, muka ba mai hira. Ban ce masa "gyara" ba. Na gaya masa irin shagon, da irin masu zuwa, da yadda suke tambaya in sun dawo neman abu. Wannan na ƙarshen shi ne mabuɗin, domin mutum ba ya zuwa ya ce a ba shi fayil ɗin Word, cewa yake yi "takardar gonata ta bara waccan". Tsarin farko da ya kawo bisa irin fayil ne, muka ƙi. Na biyu ya bi irin aiki: makarantu, ƙungiyoyi, filaye da gonaki, bukukuwa, neman aiki. Muka karɓa, muka ƙara masa Islamiyya daban, don shi ya cusa ta cikin makarantu alhali lissafin zangonta ba ɗaya ba ne.

Shawara ɗaya da ya bayar ta burge ni: a fara sunan kowane fayil da shekara, sai wata, sai rana, kamar 2024-03-12, domin ta haka kwamfuta da kanta za ta jera su daga tsoho zuwa sabo. Mu kuma muka ƙara namu: a sunan fayil a riƙa rubuta k da d da b marasa ƙugiya, saboda mai neman "kasa" ba lallai ya sami "ƙasa" ba, kuma ba kowane yaron shago ne yake da madannin da ke fitar da masu ƙugiya ba.

Da aka zo kwashewa, na sa mai hira ya rubuto umarnin da zai fara fitar da jadawali kawai, tsohon suna da wuri a hagu, sabo a dama, ba tare da motsa komai ba. Muka zauna muka bi jadawalin layi-layi. Na gindaya masa cewa babu gogewa ko ɗaya, babu hawa kan fayil mai suna iri ɗaya, wanda yake zargin maimaici ne ya tura shi foldar "Maimaici", wanda bai gane ba ya tura shi foldar "A duba". Muka gwada da fayil ashirin, muka buɗe su ɗaya bayan ɗaya a sabon wurinsu, sannan muka saki sauran da rana tsaka, lokacin da sola ke da ƙarfi. Da aka gama muka ƙirga yawan fayiloli, na kafin aiki da na bayan aiki suka zo daidai.

Ƙanena ya kuma canza ɗan batirin agogon, ya manna wata takarda a jikin bango mai nuna wa yaronsa yadda ake sa suna tun daga ranar da aiki ya shigo. Foldar "A duba" ce ta fi kowacce cika, yawancinta sikanin rubutun hannu da ajami da irin su Doc1, kuma har yanzu bai gama da ita ba. Kullum bayan isha'i, in batir ya rage, yakan buɗe goma ya karanta ya sa musu suna. Waɗanda ajaminsu ya gagare shi yakan ajiye su sai Juma'a, ya nuna wa malamin da ya rubuta su in yana raye, ko mai takardar in ya gane shi.